Tarihin Ishaku Shekari, Direban da Afil Ɗinsa Bai Kai Gaban Alƙalai Ba

Haihuwarsa da Iyayensa

An haifi marigayi Ishaku Shekari a garin Zonkwa cikin watan Agusta na shekarar 1967, a tsakiyar damina, ana cikin yaƙin basasa. Mahaifinsa shi ne Malam Shekari, manomi, mahaifiyarsa kuwa Damaris, wadda ita ce ta zauna ta rubuta wannan tarihi da hannunta, domin ta ga in an bar wa dattawa za su ce a yi haƙuri a rufe magana, in an bar wa takardun kotu kuma an riga an san abin da suka ce. Shi ne ɗan fari a cikin 'ya'ya shida da Ubangiji ya ba gidan. A shekarar 1972 mahaifinsa ya sami aiki a wata masaƙa a Kakuri, sai iyalin suka tattara suka dawo Kaduna, suka kama ɗaki biyu a gidan haya bayan layin dogo, kuma a nan Ishaku ya yi wayo.

Karatunsa

An sa shi firamare a Kakuri a shekarar 1974, ya gama a 1980. Ya shiga sakandare ya yi shekara biyu, daga nan ya ce shi karatu ba ya shiga kansa, mota yake so. An yi faɗa, an yi lallashi, an kai shi gaban Fasto, duk bai canza ba. Karatunsa ya tsaya inda zai iya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa ya kuma sa hannu a takarda. Turanci kuwa na tasha yake ji, ba irin na kotu ba. An yi masa baftisma a shekarar 1983, ya shiga ƙungiyar mawaƙa ta majami'a, inda ya fi shekara goma yana riƙe da ganga, domin muryarsa ba ta waƙa ba ce kuma kowa ya san haka.

Aikinsa

Ya fara da yaron mota a hanyar Kakuri zuwa Kachia, ya sami lasisin tuƙi a shekarar 1988, ya yi ta tuƙa motocin mutane har shekarar 1994 da Allah ya hore masa tsohuwar a-kori-kura tasa ta kansa. Da ita yake ɗaukar kaya tsakanin Kakuri, Sabon Tasha, Gonin Gora da Kakau: masara, bulo, kayan ƙaura, katako, wani lokaci har aladu. Ba ya shan giya, ba ya faɗa da kowa a tasha. Aibinsa ɗaya, kuma mahaifiyarsa ta yi magana a kai har bakinta ya gaji: ba ya tambaya. Ka ce masa ɗauki, ya ɗauka. Ka ce sauke, ya sauke. In aka ce masa, “Ishaku, ka riƙa tambayar kayan waye,” sai ya yi dariya ya ce, “Mama, ni direba ne, ba kwastan ba.”

Aurensa da 'Ya'yansa

A watan Disamba na shekarar 1991 aka ɗaura masa aure a majami'a da Dorcas, 'yar mutanen Kachia, tela, mace mai haƙurin da ya wuce misali. Suka zauna a Sabon Tasha. An haifi Ruth a 1992, aka haifi namiji a 1995 aka sa masa sunan kakansa Shekari, sannan Edith a watan Janairu na 1999, lokacin ubanta ya riga ya shiga hannu.

Yadda Aka Kama Shi

Cikin watan Satumba na shekarar 1998, da hantsi, a bainar jama'a, wasu mutum uku suka tare shi a bakin titi a Gonin Gora suka ce ya kai musu tayoyi da baturan mota wani gida a Kakau. Masu dako na wurin ne suka loda, masu sayar da doya suna kallo. Ya kai, ya sauke, ya dawo gida ya ci tuwo. Ashe kayan na wani Ibo ne ɗan kasuwa a Sabon Tasha, Oga Sylvester, wanda aka fasa shagonsa aka ɗaure maigadinsa. Wani ya riƙe lambar motar. Mutum ukun nan har yau ba wanda ya sake ganinsu, Ishaku kuwa ga shi a gida da mota a ƙofa, don haka shi aka ɗauka.

Lokacin mulkin soja ne, kuma an ce kotun musamman ta fashi za a kai shi. Yana tsare yana jira har soja suka sauka a watan Mayu na 1999, aka koma mulkin farar hula, aka ce an rushe waɗannan kotuna, shari'arsa ta koma babbar kotu. Mutanen gida suka yi murna, aka yi addu'ar godiya a zumuntar mata, aka ce yanzu talaka zai sami bakin magana.

Shari'arsa

An fara sauraron shari'ar a ƙarshen 1999, aka yi ta ɗagewa, rikicin Kaduna na shekarar 2000 ya zo ya ƙara tsayar da komai. Motar tana hannun hukuma, masaƙa ta fara rage ma'aikata, mahaifinsa na cikin waɗanda aka sallama, saboda haka babu halin ɗaukar lauya, kuma ba wanda ya gaya wa iyalin cewa akwai lauyoyin da ke tsaya wa marasa hali kyauta. Ishaku ya tsaya shi kaɗai.

Maigadin da aka ɗaure ya ba da shaida cewa 'yan fashin sun rufe fuska, amma ɗayansu dogo ne kamar wannan. Alƙali ya ce wa Ishaku ta bakin tafinta ko yana da tambayar da zai yi wa shaida. Ishaku ya ce, “Ranka ya daɗe, ba ni da tambaya, Allah ya gani.” To Allah ya gani, ba a musu, amma alƙali bai gani ba. Masu dakon Gonin Gora suna nan da ransu, masu doya suna nan, da an kira su da sun zo, amma shi bai san yana da ikon kiran kowa ba. Ranar 14 ga Nuwamba, 2000, aka yanke masa ɗaurin shekara ashirin da ɗaya. Alƙali ya faɗa masa yana da damar ɗaukaka ƙara, wato afil, cikin wata uku, tafinta ya fassara, Ishaku ya ji da kunnensa, ya kuma faɗa wa dattawa a harabar kotu kafin a tura shi mota.

Sulhun da Aka Yi

A nan ne aka yi kuskuren da ya ci rayuwarsa, kuma dole a rubuta shi dalla-dalla saboda na baya. Shugaban ƙungiyar mutanen garinsu mazauna Kaduna a lokacin shi ne Baba Nelson, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mutumin kirki wanda ya sasanta aure da rikicin gona ba adadi. Ya tara maza a ɗakin Malam Shekari ya ce, “Afil na masu kuɗi ne. Mu mun san yadda ake kashe magana tun kakanni. Wanda aka yi wa laifi shi ake zuwa a durƙusa wa. In mai kaya ya ce ya yafe, alƙali a kan me zai riƙe yaro?” Maza suka ce gaskiya ne. Mahaifiyar ta leƙo ta ce, “Baba, to wata ukun da aka ce fa?” Baba Nelson ya ce, “Maman Ishaku, ki bar wa maza wannan, ke dai ki nemo mana akuya mai kyau.”

Aka nemo akuya. Aka aika wa Oga Sylvester cewa dattawa na so su zo. Shi kuma ya ce a nasu tsarin ba ya karɓar irin wannan baƙunci shi kaɗai, sai shugaban ƙungiyar garinsu yana zaune. Shugaban nasu kuwa ya yi tafiya. Da ya dawo, Disamba ta shiga, Oga Sylvester ya kwashi iyalinsa suka tafi gida Kirsimeti. Can kuma aka yi masa rasuwa, bai dawo ba sai ƙarshen Janairu. Da ya dawo sai Baba Nelson ya ce ba kyau a je wa mai makoki da roƙo, a fara zuwa gaisuwa tukuna, a bar kwanaki su wuce. Akuya dai tana ɗaure a bayan gida tana cin dusa tana ƙiba, Ishaku yana gidan yari yana ramewa.

Sai ranar Asabar ta farkon watan Maris na 2001 aka zauna a gidan Oga Sylvester. Aka fasa goro, Fasto ya yi addu'a, Malam Shekari da furfurarsa ya durƙusa a kan siminti. Oga Sylvester ya tashi da sauri ya ɗaga shi ya ce, “Haba Baba, tashi, ka girmi ubana. Ni ban taɓa cewa na ga ɗanka da idona ba. Kayana aka sata, na kai ƙara, aka kawo mini shi. In ya yi, na yafe. In bai yi ba, ku ku yafe mini.” Aka yanka akuya, mata suka dafa, aka ci, aka yi waƙa da Hausa aka yi da Ibo, Dorcas ta koma gida ta wanke wa mijinta kaya ta goge.

Ranar Litinin dattawa suka sa manyan riguna, Oga Sylvester da kansa ya rufe shago ya bi su har ƙofar gidan yari, suka ce sun zo tafiya da Ishaku domin an sasanta. Wani gandiroba ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, “Baba, nan fa ba ƙofar mai unguwa ba ce. Ko mai kaya ya goya shi a baya, sai kotu ta ce a buɗe. Kun yi afil?” Baba Nelson ya ce ai an yi abin da ya fi afil. Gandiroban ya tambayi ranar hukunci, aka faɗa masa, ya ƙirga da yatsa ya ce, “To kun ci akuyarku, lokaci kuma ya wuce.” Shi ne dai ya ji tausayi ya kwatanta musu wani ofishi a ƙetaren gada, cikin gari, inda lauyoyi ke tsaya wa wanda ba shi da hali. Daga ranar Baba Nelson bai sake sa baki a maganar ba, kuma ba a sake neman ya sa ba. Mahaifiyar ce ta ɗaura zani ta karɓi zirga-zirgar.

Neman Afil

Ofishin ɗaki biyu ne da benci a waje, benci kuma kullum cike da iyaye mata. Ba a karɓi ko sisi a hannunta ba, wannan gaskiya ce kuma a rubuta ta. Amma yawancin lauyoyin 'yan bautar ƙasa ne, masu shekara ɗaya su tafi. Na farko sunansa Tony, yaro mai fara'a, ya ce tunda lokaci ya wuce sai an fara roƙon kotun ɗaukaka ƙara ta ƙara lokaci, kafin ma a zo maganar ko Ishaku ya yi ko bai yi ba. Ya ce, “Mama, kar ki damu, wannan ƙaramin abu ne.” Ya rubuta, ya shigar, aka sa rana, kafin ranar ta zo ya gama bautar ƙasa ya koma garinsu. Wadda ta gaje shi ta ce ba ta ga fayil ba, a sake ba ta labari daga farko. Aka ba ta daga Gonin Gora har akuya. Da ta ji maganar akuya sai da ta ajiye biro ta yi dariya, sannan ta ba da haƙuri. Ita ce dai ta samo ƙarin lokacin a shekarar 2003, ita ma ta tafi. A wannan shekarar Malam Shekari ya rasu bai ga fitowar ɗansa ba. Oga Sylvester ma tun bayan rikicin 2002 ya kwashe shagonsa ya koma Kudu.

Aka ce saura a buga duk abin da aka faɗa a shari'ar farko a aika sama, domin alƙalan afil ba sa jin bakin mutum, takarda suke karantawa. Alƙalin farko da hannu ya rubuta, kuma an canza masa wurin aiki. Rubutun nasa kuwa, aka ce mutum ɗaya ne a duk kotun yake iya karanta shi, wani magatakarda, shi kuma ya yi ritaya. Yau a ce babu wuta, gobe a ce mai bugawa tana jego, jibi a ce ana yajin aiki. Mahaifiyar takan bar tiren ƙosanta a hannun maƙwabciya, ta hau bas daga Kakuri, ta ƙetare gada, a ce mata “Mama, ki dawo wani mako,” ta sake ƙetarowa. Lauya na uku ko sunansa ba ta riƙe ba, domin sau ɗaya ta gan shi, aka ce ya sami aiki a banki.

A shekarar 2004 aka kawo Barista Hadiza, wadda ita ma'aikaciyar dindindin ce ba 'yar bautar ƙasa ba. Mace ce mai kaifin baki, ba ta iya lallashi ba. Ranar farko ta karanta abin da ke akwai ta ɗago ta ce, “Mama, wa ya ce ku kai akuya?” Aka ce dattawa. Ta ce, “Dattawan suna ina yanzu?” Aka ce suna gida. Ta ce, “To Allah ya ba su lafiya.” Ita kaɗai ce a kan ɗaruruwan fursunoni, amma ita ce ta fara zuwa gidan yari ta zauna da Ishaku ta tambaye shi da bakinsa, shekara shida bayan kama shi. Ita ce ta bi sawun tsohon magatakardan har gidansa a Unguwar Sanusi, ta riƙa zuwa ranar Asabar da tafiretarta a bayan mota, yana karantawa da tabarau tana bugawa. Ta gama a 2005, ta rubuta hujjojinta, ta shigar. Ta ce hujja ba ta fi biyu ba: an ɗaure mutum a kan tsawonsa, kuma an bar shi ya tsaya ba lauya a tuhuma mai nauyi irin wannan ba tare da an nuna masa yana iya kiran shaidu ba.

Sai kuma aka koma jiran lauyan gwamnati ya kawo amsa. Aka sa rana bai kawo ba, aka ɗage. Aka sake sa rana, alƙalai ba su cika ba. Aka sake sawa, ta faɗa cikin hutun kotu. Mahaifiyar ta taɓa tambayar Barista Hadiza a bakin kotu ko su ma alƙalan ba wanda ke ba su wata uku. Barista ta ce, “Mama, rage murya, a mota ma yi wannan maganar.” Daga ƙarshe aka tsayar da ranar 20 ga Fabrairu, 2007, aka ce a ranar ko da amsa ko babu za a saurara.

Zamansa a Gidan Yari da Rashin Lafiyarsa

A duk shekarun nan Ishaku bai taɓa samun laifi a gidan yari ba. Ya koyi aikin kafinta, ya zama mai jagorar sujadar safe ta fursunoni, har gandirobobi suna kiransa Fasto Direba. Dorcas ba ta fasa kai masa abinci ba, da ɗinki ta riƙe yara a makaranta, kuma ta sha jin abin da ake faɗa wa 'ya'yanta a layi. An taɓa dawo da Shekari ƙarami daga makaranta da fasasshen leɓe saboda wani yaro ya kira shi ɗan ɗan fashi. Da aka gaya wa Ishaku, sai ya ce wa mahaifiyarsa, “Mama, ni fitar ma ba ita ce ta dame ni yanzu ba. Su dai faɗa da bakinsu cewa ban yi ba, yaran nan su ji.”

Tari ya kama shi tun damina ta 2005. Aka ba shi magani, ya lafa, ya dawo. A ƙarshen 2006 ya kai ba ya iya tsayuwa a sujada, sai a zaune. Barista Hadiza ta nemi a ba da shi beli saboda ciwo, aka ce a haɗa da ranar Fabrairu a ji gaba ɗaya.

Rasuwarsa da Jana'izarsa

An kai shi asibiti ranar 22 ga Janairu, 2007, da ankwa a ƙafa, mutumin da ko kofi ba ya iya ɗagawa. Ya rasu ranar Juma'a, 26 ga Janairu, 2007, da rana, matarsa da mahaifiyarsa suna wurin, yana da shekara talatin da tara. Sai da aka yi kwanaki ana sa hannu kafin a ba da gawarsa. An yi masa sujadar jana'iza a majami'arsu ta Sabon Tasha ranar Asabar, 3 ga Fabrairu, aka binne shi a Kakau, a gonar da mahaifinsa ya bari, kusa da kabarin mahaifin. Direbobin tasha sun zo da motocinsu, ƙungiyar mawaƙa ta zo, Barista Hadiza ta zo ta zauna cikin mata har aka tashi.

Ranar 20 ga Fabrairu mahaifiyar ta shirya ta tafi kotu duk da haka, ta tafi da Ruth da Shekari ƙarami, domin ta ce ko ba ya nan ai sunansa yana nan. Aka kira ƙarar. Barista Hadiza ta miƙe ta shaida wa alƙalai cewa mai ƙara ya rasu, ta roƙa ko za a saurara saboda 'ya'yansa. Alƙalai uku suka haɗa kai suka yi magana ƙasa-ƙasa, na tsakiya ya ce doka ba ta ba su wannan dama ba, afil irin wannan yana mutuwa ne tare da mai shi. Ya yi wa iyalin ta'aziyya, aka kira ƙara ta gaba. Ko zama mutum bai gama gyarawa ba aka gama. A ranar lauyan gwamnati ya zo da amsarsa a hannu.

A waje mahaifiyar ta tambayi Barista, tsakaninta da Allah, da an saurara da an ci? Barista Hadiza ta ce, “Mama, ba zan rantse miki a kan abin da alƙali bai faɗa ba. Amma na karanta shari'ar nan kalma kalma, ni na buga ta da hannuna, ban ga inda aka nuna ɗanki ya yi fashi ba.” Mahaifiyar ta ce ta maimaita a gaban yaran. Ta maimaita.

Saboda haka a takardun hukuma har gobe Ishaku Shekari ɗan fashi ne, kuma babu sauran kotun da za ta gyara. A wannan tarihi kuwa direba ne da ya ɗauki kaya bai tambaya ba. Duk wanda aka yanke wa nasa hukunci a cikin zuriyar nan ko a majami'ar nan, ya tafi wurin lauya washegari da safe, na kyauta suna nan a ƙetaren gada, ya zauna a bencin har a shigar da takarda. Sulhu abu ne mai kyau, Ubangiji ma yana so, amma a yi shi daga baya.

Waɗanda Ya Bari

Ya rasu ya bar mahaifiyarsa Damaris, da matarsa Dorcas, da ƙanne biyar, da 'ya'ya uku:

Ruth Ishaku, tana aji uku a sakandare.

Shekari Ishaku, yana aji shida a firamare.

Edith Ishaku, tana aji uku a firamare, wadda ba ta taɓa ganin ubanta a wajen gidan yari ba sai ranar da aka buɗe akwatin a majami'a.

Ubangiji ya ba shi hutawa, ya raya abin da ya bari. Amin.